Wasiƙar odit ta zo daga Medicare, likita na so ya "cike gurbi" a fayil kafin a tura

Wata 'yar'uwa ce ta turo tambaya. Ita ce manaja a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Amurka, likita ɗaya da nas biyu masu lasisin duba marasa lafiya da rubuta magani, yawancin masu zuwa tsofaffi ne 'yan Medicare, inshorar lafiyar gwamnatin tarayya ta tsofaffi da naƙasassu, sai 'yan Medicaid, ta masu ƙaramin ƙarfi, kaɗan. Wasiƙa ta zo musu daga kamfanin da ke biyansu kuɗin Medicare an rubuta TPE a samanta (Targeted Probe and Educate, wato binciken bil da koyarwa), wai za'a duba bil ɗinsu guda 20 zuwa 40, har takardun neman fayil sun fara shigowa. Likitan yace a kawo masa fayilolin ya cike abinda ya manta bai rubuta ba kafin a tura. Tana son sanin ko hakan ya halatta, kuma yaya ake shirin irin wannan bincike tun kafin ya zo.

Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya sa a gama lafiya. Bari in fara da maganar likitan don ita ce mai zafi, sauran duk zasu iya kaiwa gobe amma wannan yau ya kamata ki tsayar da ita. Dan Allah kar ki bari ya taɓa fayilolin nan, ko ɗigo. Na san ba da mugun nufi yake faɗa ba, yasan ya duba mara lafiyar, yasan abinda yayi masa, a ganinsa gaskiyar abinda ya faru kawai zai rubuta. Amma manhajar da kuke ajiye bayanan marasa lafiya tana rubuta komai ta bayan fage, wa ya buɗe fayil, ƙarfe nawa, me ya goge, me ya ƙara, kuma masu bincike suna iya neman wannan tarihin. Toh ki auna da kanki, fayil ɗin watan Maris ɗin bara da ba wanda ya ƙara leƙawa, sai kwana uku bayan zuwan wasiƙar odit aka buɗe shi aka ƙara layi huɗu. Kafin ya taɓa, iyakar abinda zai same ku a ce rubutun bai kai kuɗin da aka biya ba ku dawo da bambancin. Bayan ya taɓa kuwa magana ta tashi daga bashi ta koma zargin zamba, kuma sauya takarda don a karkatar da binciken gwamnatin tarayya laifi ne da ɗaurinsa ke iya kaiwa shekara 20. A kan 'yan daloli fa.

Akwai gyaran da doka ta sani. Likita zai iya yin ƙarin bayani, amma sai ya rubuta a fili cewa ƙari ne, ya sa kwanan watan ranar da yake rubutawa ba ranar da ya ga mara lafiyar ba, ya sa hannu, asalin rubutun kuma yana nan kowa na iya karantawa. In fayil ɗin takarda ne, layi ɗaya ake ja a kan kuskuren yadda na ƙasa zai karantu, ba'a shafewa. Sai dai gaskiya ƙarin da aka yi bayan wata takwas, kuma bayan an san ana bincike, nauyinsa kaɗan ne a idon mai dubawa, ni kam bana ba da shawarar a yi shi a fayil ɗin da aka riga aka nema sai lauya ya gani ya amince. Abinda ake iya cetowa a natse shine sa hannu. In likita ya rubuta bayanin ranar ya manta bai sa hannu ba, Medicare na karɓar takardar shaida da zai rubuta yace ni ne na rubuta wannan ran kaza, ya sa hannu da kwanan watan yau. In sa hannun yana nan amma ba ya karantuwa, sai ki haɗa da takardar da ke nuna cikakken sunan kowane ma'aikaci da matsayinsa da samfurin sa hannunsa. Umarnin likita ne dai ba'a gyara shi ta wannan hanya, in ba sa hannu a kai kamar babu shi ne, in banda gwaje-gwaje, su ana iya kare su in rubutun ranar da aka sa wa hannu ya nuna ƙarara likitan ne ya so a yi gwajin.

Yanzu wa ya rubuto muku, don ba duk odit ne ɗaya ba, kuma yadda zaki ɗauki wasiƙa ya danganta da sunan da ke samanta. Hukumar CMS ce ke riƙe da Medicare, amma ba ita ke karanta bil ɗinku da kanta ba, 'yan kwangila take sawa. Wanda ke biyanku kullum shi ake kira MAC, kuma shi ne mai yin TPE ɗinnan, tun 2017 aka faɗaɗa tsarin zuwa ko'ina a ƙasar. A cikin duk ire-iren binciken shi ne mafi sauƙi, don an gina shi a kan koyarwa ne: a duba bil 20 zuwa 40 a kan abu guda, a kira ku a gaya muku inda kuka kuskure, a baku aƙalla kwana 45 ku gyara aiki, sannan a sake dubawa, har zagaye uku. In kun tsallake a kowane zagaye ana barinku aƙalla shekara guda a kan wannan batun. In an yi ukun ba'a ga canji ba sai a miƙa ku ga CMS, daga nan ne ake iya cewa duk bil ɗin da kuka turo sai an ga fayil kafin a biya, ko a yi muku lissafin faɗaɗawa da zan yi bayani a ƙasa, ko a tura ku wajen masu binciken da suka fi zafi.

Sai RAC, su waɗanda ake biya da kaso daga abinda suka ƙwato, an fara gwada su a 2005 a jihohin Kalifoniya da Fulorida da Niyok, zuwa 2010 sun game ƙasa, suna komawa baya shekara 3 daga ranar da aka biya bil. Akwai CERT, su caca suke zaɓen bil daga ko'ina don auna yawan kuɗin da aka biya ba bisa ƙa'ida ba, ba wai suna zarginku ba ne amma in baku amsa ba kuɗin wannan bil ɗin zai koma. Wanda in kin ga sunansa ya kamata ki kira lauya kafin ki amsa ko waya shine UPIC, don aikinsu farautar zamba ne, suna zuwa har ofis ba sanarwa, suna hira da ma'aikata da marasa lafiya, suna iya jawo a dakatar da biyanku gaba ɗaya. Haka ma in takarda ta fito daga OIG, ofishin babban sufeton ma'aikatar lafiya, ko daga ma'aikatar shari'a.

Abinda nake so ki riƙe, kuma ki sa likitan ya riƙe, shine mai dubawar nan bai ga mara lafiyar ba kuma bazai taɓa ganinsa ba. Nas ce ko ƙwararren mai sa lambar bil zaune a gaban kwamfuta a wata jiha, da fayil ɗinku a gefe ɗaya da ƙa'idar biya a ɗaya gefen, tana neman abu ɗaya bayan ɗaya. Abinda ba ta gani a rubuce ba, a wajenta ba'a yi shi ba, ko da kuwa likitan ya shafe awa guda da mara lafiyar. Alƙaluman gwamnati ma haka suka nuna, a shekarar kuɗi ta 2024 CERT ta ƙiyasta kashi 7.66 cikin ɗari na kuɗin Medicare na asali an biya su ba bisa ƙa'ida ba, wajen dala biliyan 31.7, kuma mafi yawa ba sata ba ce, rashin isasshen rubutu ne. Wato an yi aikin, takarda ce bata nuna ba. Shi ya sa shirin odit na gaskiya a ɗakin duba mara lafiya ake yinsa ranar da ya zo, ai ba'a fafe gora ranar tafiya.

Amma tunda wasiƙa ta riga ta zo, ga abinda ke hannunki. Kowace takardar neman fayil, wadda suke kira ADR, tana da wa'adi, na MAC da RAC kwana 45 ne, na UPIC 30, kuma daga kwanan watan da ke jikin takardar ake ƙirgawa ba daga ranar da kika buɗe ambulan ba. In wa'adi ya wuce ba amsa, an ƙi biyan bil ɗin kenan ba tare da kowa ya karanta ko layi ɗaya ba, kuma a lissafin TPE kuskure ne cikakke. Wallahi ba abinda ke ƙona min rai a aikin nan irin in ga asibitin da rubutunsu ke da kyau sun faɗi zagaye saboda takarda ta kwana sati uku a tiren wasiƙu, ko ta tafi tsohon adireshi don ba wanda ya sabunta bayanansu a PECOS, rajistar Medicare ta masu ba da kulawar lafiya, bayan sun tashi. Ki sa mutum ɗaya ya zama duk wasiƙar Medicare hannunsa take fara zuwa, a buɗe jadawali a rubuta lambar bil, ranar takarda, ranar wa'adi, ranar turawa, da shaidar an karɓa. Kuma a riƙa leƙa shafin MAC ɗinku na intanet, sau da yawa takardar na bayyana can kafin ta iso ta gidan waya.

Haɗa fayil ɗin kuma shi kansa sana'a ne. Takardar ADR ɗin ita ce shafin farko. Bayanta ki sa ɗan jadawali na abinda ke ciki da lambar shafi, kowane shafi da sunan mara lafiya da ranar da aka duba shi. Kar ki tsaya a rubutun ranar kaɗai in abinda ke kare bil ɗin yana wani waje, misali allurar gwiwa aka yi yau amma hujjar cewa an gwada magunguna da motsa jiki basu yi ba tana rubutun wata biyu baya, ko hoton gwiwar a wani asibitin aka ɗauka, toh duk ki nemo su ki haɗa, nauyin kawo hujja a kan wanda ya tura bil yake ko da takardar na hannun wani. Ki duba kwafin da idonki kafin ya tafi, shafin da faks ya cinye gefensa ko bayan takarda da aka manta ba'a ɗauka ba ya isa ya kayar da bil. Kowane bil da ƙunshinsa daban, kar a cakuɗa. Ki ajiye kwafin ainihin abinda kika tura shafi da shafi, don in an zo ɗaukaka ƙara shi zaki dogara da shi. Maganar sirrin mara lafiya kar ta tsayar da ke, dokar HIPAA ta yarda a ba mai biya da masu sa ido na gwamnati fayil ba sai an nemi izinin mara lafiyar ba.

Me suke nema a ciki? A asibiti irin naku zan iya cewa kusan abu huɗu ne ke ta maimaituwa. Na farko girman lambar ziyara, wato lambar da ake sawa a bil mai nuna nauyin aikin da kuɗin da za'a biya. Tun Janairun 2021 lambobin duba mara lafiya a ofis, 99202 zuwa 99215, ana zaɓarsu ne da ɗayan biyu, ko nauyin shawarar da likita ya yanke ko jimillar lokacin da ya kashe a ranar. Tsawon rubutu ba ya ƙara komai yanzu. Ki ɗauki 99214. Likita ya rubuta "hawan jini, ciwon siga, a ci gaba da magani, a dawo bayan wata uku", shikenan. A zuciyarsa ya auna abubuwa da yawa amma mai dubawa bata ga wane magani ba, bata ga halin da ciwon ke ciki ba. Ki kwatanta da wanda ya rubuta cewa jini 158/94 duk da yana shan amlodipine 5mg kullum, an ƙara zuwa 10mg, an gaya masa ya lura da kumburin ƙafa, awon siga na A1c ya kai 8.4, an bar metformin yadda yake bayan duba gwajin ƙoda, a dawo bayan sati huɗu a sake awo. Layi uku ne kacal, amma ga ciwo mai daɗewa da bai daidaita ba, ga shawara a kan maganin da sai likita ke rubutawa, 99214 ta tsaya da ƙafarta. In kuma da lokaci aka zaɓa sai an rubuta mintunan, 99214 na buƙatar aƙalla minti 30, kuma kar ya zama kowane fayil "minti 30" daidai, in an tara na rana guda ya wuce awannin da asibitin ke buɗe.

Na biyu, kuma nan ne nafi jin tsoro a kanku, bil ɗin nas ɗinku biyu. In nas ta tura da lambarta Medicare na biyan kashi 85 na abinda zata biya likita, in an tura da lambar likita a matsayin aikin da aka yi a ƙarƙashinsa sai a biya ɗari bisa ɗari, shi ya sa asibitoci da yawa ke tura komai da sunan likita. Amma akwai sharuɗɗa, sai likitan ne ya fara ganin mara lafiyar ya tsara maganin wannan matsalar, nas ɗin tana bin tsarin ne kawai, kuma likita na sa ido kai tsaye yadda ƙa'ida ta fayyace. Sabon mara lafiya bai shiga ba, tsohon mara lafiya da ya zo da sabuwar matsala ma bai shiga ba. Ma'anar sa idon ta ɗan sassauta tun lokacin korona, don haka ƙa'idar da ke aiki ranar da aka duba mutumin ita zaki nema ki karanta, ba ta yau ba. Ki ɗauko jadawalin likitan ki ɗora a kan bil ɗin, in kin ga bil da sunansa a satin da yayi tafiya ƙasar waje kinsan akwai aiki a gabanki.

Na uku alamar 25 da ake liƙawa lambar ziyara in an yi wani ɗan aiki a rana ɗaya, kamar allurar gaɓa ko cire wani abu a fata. Tana halatta ne kawai in dubawar aiki ne na daban mai tsayuwa da kansa, ba 'yan tambayoyin da dama ake yi kafin allura ba. Na huɗu kwafe rubutu, a ɗauko na watan jiya a manna a na yau, sai ki ga mutum ɗaya "ya zo da tari na kwana uku" wata shida a jere, ko an rubuta bugun jijiyar ƙafa biyu lafiya ga wanda aka yanke wa ƙafa ɗaya. Da mai dubawa ta ga irin wannan ta daina yarda da sauran fayil ɗin. A saman duk waɗannan akwai sharaɗin da dokar Medicare ta gindaya, cewa aikin ya zama mai ma'ana kuma wajibi ga lafiyar mutumin, kuma MAC ɗinku na da rubutattun ƙa'idoji da ake kira LCD masu faɗin wace cuta ce ke halatta wane aiki da abinda dole a gani a fayil. Kyauta suke a intanet. Ki buga na ayyukan da kuka fi yi ki ajiye wa likita da nas-nas a teburinsu, da shi mai dubawar ke auna ku.

Kar ki ɗauka caca ce ta faɗo kanku. TPE daga alƙaluma yake farawa, kwamfuta ta kwatanta ku da sauran masu irin aikinku ta ga kun yi fice a wata lamba ko bil ɗinku na yawan dawowa. Yin fice ba laifi ba ne, mai duba tsofaffi masu cuta huɗu biyar dole lambobinsa su fi nauyi, amma ya kamata ku riga su sanin inda kuka yi ficen. Ki fitar da rahoton shekara daga manhajarku, kowane ma'aikaci da yawan 99213 da 99214 da 99215 ɗinsa, tun 2014 ma CMS ke wallafa abinda take biyan kowane likita a fili, zaki iya kwatantawa.

Sai binciken kai. Shawarar da OIG ta ba ƙananan asibitocin likitoci tun shekarar 2000 ita ce a riƙa ɗaukar fayil 5 zuwa 10 na kowane likita ana dubawa, kuma ni ina ganin a yi shi duk wata uku, wanda zai duba kuma kar ya zama shi ya sa lambar tun farko. Amma ki san abinda kike shiga kafin ki buɗe, don dokar lafiya ta 2010 ta ce duk wanda ya gano an biya shi fiye da haƙƙinsa yana da kwana 60 ya sanar ya mayar, kuma ana komawa baya har shekara 6. Daga Janairun 2025 an ba da damar dakatar da ƙirgen har kwana 180 in ana binciken gaskiya don gano sauran bil masu irin matsalar. In kun sani kuka riƙe, kuɗin ya zama abin tuhuma a ƙarƙashin False Claims Act, dokar hukunta karɓar kuɗin gwamnati da ƙarya da ta samo asali tun 1863 zamanin Lincoln, wadda ke ninka asarar gwamnati sau uku ta ɗora tarar da ta haura dala 13,000 a kan kowane bil guda. Kuma "sani" a dokar ya haɗa da kau da kai da gangan da kuma halin ko in kula, cewa ai ban duba ba baya kare kowa. Shi ya sa in kina zargin matsalar babba ce, kamar ta nas ɗin nan, a bar lauya ya ɗauko mai binciken ta hannunsa. Ƙananan kurakurai ana mayar da kuɗinsu wa MAC kai tsaye da fom ɗin mayarwa, abu ne da ake yi kullum ba abin kunya ba.

Lissafin faɗaɗawa shi ne ke rufe asibitoci, ya kamata likitan ya fahimce shi. A ce kuna da bil 2,000 na wata lamba a shekarun da ake dubawa, aka zaɓi 40, aka samu an biya ku rarar dala 60 a kowane in an raba. A kan 40 ɗin dala 2,400 ne kawai. Amma sai a ɗora wannan a kan duka 2,000 ya zama wajen dala 120,000, a ɗan rage saboda ƙa'idar lissafi tana sa su ɗauki ƙasan ƙiyasin, a turo muku takardar biya. Doka bata barin a yi haka sai an samu kuskure mai yawa ko mai ɗorewa, ko an koyar da ku baku gyara ba, kinga inda faɗuwa zagaye uku na TPE ke kaiwa kenan. Kuma kinga dalilin da bil ɗin dala 60 ya cancanci a yi faɗa a kansa, kowane ɗaya da kuka ƙwato a ɗaukaka ƙara yana zaftare dubbai daga jimillar, shi kansa yadda aka zaɓi samfurin ana iya ƙalubalantarsa da masanin ƙididdiga.

Ɗaukaka ƙara mataki biyar ne. Na farko wajen MAC ɗin cikin kwana 120, na biyu wajen wani ɗan kwangila mai zaman kansa da ake kira QIC cikin kwana 180, na uku gaban alƙalin gudanarwa cikin kwana 60, sai majalisar ɗaukaka ƙara ta Medicare, sai kotun tarayya, su ma 60-60. Tarkon da ke ciki shine waɗancan 120 da 180 ɗin ba su ne ke kare kuɗinku ba. In takardar neman biya ta zo, kuɗin ruwa na fara hawa daga rana ta 31, daga rana ta 41 kuma su fara cire bashin daga kuɗin da suke biyanku na yau da kullum, sai in kun shigar da ƙarar farko cikin kwana 30. A mataki na biyu ma cikin kwana 60 zaki shigar in kina so a ci gaba da dakatar da cirewar, bayan hukuncin QIC kuwa zasu ci gaba da cira ko kun tafi gaban alƙali. Ɗaya abin, duk wata hujja da kuke da ita ta shiga kafin QIC ya yanke hukunci, bayan nan sai da ƙwaƙƙwaran dalili ake karɓar sabuwar takarda. In bashin ya tabbata kuma ya fi ƙarfinku akwai tsarin biya kaɗan-kaɗan da ke iya kaiwa shekara 5, a nema da wuri.

Akwai ƙananan abubuwa da ba su cikin wasiƙarku amma duk mai bincike na gaba zai tambaya. Sunan duk wanda kuke ɗauka aiki, har mai karɓar baƙi da kamfanin da ke tura muku bil, a riƙa duba shi duk wata a jerin OIG na waɗanda aka haramta wa taɓa kuɗin lafiya na gwamnati, a ajiye shaidar an duba. In kamfanin waje ke muku bil ki sani kuskurensu naku ne, lambar likitanku ce a jiki. Yafe wa kowa kashi 20 ɗin da mara lafiya ke biya, duk da tausayi ne ke sawa, in ya zama al'ada yana iya faɗawa ƙarƙashin dokar hana toshiya, wanda baya da hali a duba halinsa shi kaɗai a rubuta dalili a fayil. Fayiloli kuma ni shekara 10 nake cewa a ajiye, don tuhumar zamba na iya komawa baya har can. Sannan ma'aikatanku, in mai sa lambar bil ta zo tace Hajiya wannan abin da muke yi anya kuwa, ki zaunar da ita ki rubuta abinda tace ki bincika ki dawo mata da amsa. Dokar nan ta ba ma'aikaci damar kai ƙara a madadin gwamnati ya samu kashi 15 zuwa 30 na abinda aka ƙwato, ta kuma hana a kore shi saboda hakan, kuma mutane da yawa sai sun yi magana a cikin gida an share su sannan suke fita waje.

In wata rana masu bincike suka zo ƙofa, a nemi katin shaidarsu da takardar da ta kawo su, a kira lauya nan take, kar a hana su aiki, kar a goge ko a ɓoye komai, kuma kar ki ce wa ma'aikata kada su yi magana. Abinda zaki iya gaya musu tun yanzu shine suna da 'yancin su yi magana ko su jira lauya, in kuma zasu yi toh gaskiya zalla, abinda basu sani ba suce basu sani ba. Ɓangaren Medicaid kuma kowace jiha da nata dokokin da wa'adinta da sashenta na yaƙi da zamba, kar ki ɗauki kwanakin da na lissafa ki ɗora a kan wasiƙar jiha, wa'adinsu kan fi gajarta, abinda ke jikin takardar shi zaki bi.

Idan sakamakon zagayen farko ya fito zasu ba ku lokacin tattaunawa da wadda ta duba fayilolin. Ki tabbata likitan da nas ɗin biyu suna kan wayar da kansu, ba ke kaɗai da mai bil ba, don hannun da ke rubutun shi ya kamata ya ji. A bi bil ɗaya bayan ɗaya, a tambaye ta wane layi ta nema bata gani ba kuma a wace ƙa'ida yake, a rubuta amsar, wanda baku yarda da shi ba ku ɗaukaka ƙara ba tare da jin nauyi ba, hakan baya ɓata muku suna a wajensu. In kin samu dalilan ƙin biyan ki turo su nan ba tare da suna ko wata alamar mara lafiya ba, in sha Allah sai mu duba waɗanda suka cancanci a bi.